Jinjina ga Masinjan da Ba Ya Cin Goro

Ya kamata mutanen Mai'adua su yi karo-karo su ɗinka wa sabon masinjan gwamnati babbar riga, domin tun da aka fara aikin ofis a ƙasar Daura ba a taɓa samun ma'aikaci mai ladabi irinsa ba. Ba ya makara. Ba ya tafiya ta'aziyya ranar aiki, ba ya cewa babur ɗinsa ba mai. Ko ƙarfe biyun dare ne, kana tsakiyar barci, sai wayarka ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi, ka zabura kana tsammanin alat ne ya faɗo, ashe shi ne ya zo gaisuwa: an karɓi takardarka, ana kan dubawa, an gode da haƙurinka. Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, wane akawu ne ya taɓa gode wa talaka don ya yi haƙuri?

Saƙon nan nake nufi da kwamfuta ke aikowa da kanta, ta tes ko ta imel, duk lokacin da takardar mutum ta tashi daga wani tebur zuwa wani, ko kuma duk lokacin da ba ta tashi ba, wanda shi ya fi yawa. Daga Abuja alherin ya taso. An fara da albashi a 2007, aka zuba sunayen ma'aikatan tarayya cikin tsarin IPPIS. A 2015 aka tattara kuɗin gwamnati a asusu guda, kowa ya iya kiran sunan Remita ko da bai san abin da take ci ba. A Janairun 2024 aka mayar da cike takardun fasfo kan intanet, a shekarar kuma hukumar kwastan ta fito da manhajarta mai suna B'Odogwu. Shugabar ma'aikatan tarayya, Didi Esther Walson-Jack, wadda ta hau kujerar a Agustan 2024, ta tsayar da 31 ga Disambar 2025 a matsayin ranar da ma'aikatu za su yi bankwana da fayil na kwali. Abin da aka yanke a Abuja kuwa ba ya rasa isowa bakin iyaka, ko da a makare. Mai neman fasfon Umra, da mai son a gyara masa shekarar haihuwa a katin ɗan ƙasa, da ɗan kasuwar da kayansa ke jiran takarda kafin su ƙetare Kwangwalam su nufi Matamaye da Damagaram, da tsohon ma'aikacin da ke bin haƙƙinsa na ajiye aiki, kowa yanzu yana da masinjansa a aljihu.

Sai wanda ya sha wahalar da ne zai san irin gatan da aka yi mana. A da, mutum sai ya yi sammako ya shiga mota a tashar Mai'adua, ya sauka Daura, ya sake hawa wata zuwa Katsina, ya sami benci a bakin ofis ya zauna. Can sai ga masinja ya fito, dattijo da hularsa ta sha jiki, fayiloli a hammata. Ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka damƙa masa na goro. Shi kuwa da yake ba shi da riƙon amana, sai ya ja ka gefe ya fasa maka sirrin gwamnati kaf: “Fayil ɗinka yana teburin mataimakin darakta tun kafin Sallah. Yana ƙarƙashin kular abincinsa, ni na ajiye shi da hannuna. Kada ka shiga yau, ransa a ɓace yake. Bari sai Talata, kuma ka zo da wanda yake jin nauyinsa.”

Ka ji ɓarna! Talaka ya san sunan wanda ya danne masa takarda, ya san ɗakinsa, ya san garinsu. Yana iya komawa gida ya kai kuka wurin mai gari, mai gari ya kai wa hakimi, hakimi ya ɗaga waya. Yana iya tare mutumin bayan an sallame Juma'a, a gaban surukansa, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, ina nan dai ina jira.” Wace gwamnati ce za ta zauna lafiya alhali jami'anta na cikin irin wannan haɗari? Sabon masinja ya toshe ƙofar. Ba ya cin goro, saboda haka ba ya sakin baki. Sai ya shekara yana zuwa maka, kullum da sallama, bai taɓa kuskuren ambaton sunan kowa ba in ba naka ba.

Kada wani ya ɗauka haka ya fito daga masana'anta. Tarbiyya aka ba shi, kuma masu tarbiyyar sun cancanci a ambace su da alheri. Duk manhajar da ake bin sawun takarda da ita tana da shafin saiti, inda ake gaya wa na'ura abin da za ta faɗa, da wanda za ta faɗa wa, da lokacin da za ta faɗa. Na taɓa kasancewa a wani ofis, ba zan ce ko na ina ba ne, ranar da ake wannan aiki. Wani matashi ɗan bautar ƙasa ne a gaban kwamfuta, darakta na tsaye a bayansa, hannu ɗaya ya dafa kujerar yaron, ɗayan yana jan carbi.

“Yallaɓai, idan takarda ta shigo, a sanar da mai ita?”

“Sanar da shi mana. Mu ba ma ɓoye-ɓoye a nan.”

“Akwai gurbin sunan jami'in da take hannunsa, da lambar ɗakinsa. In saka a cikin saƙon?”

Carbi ya tsaya. “So kake su biyo ni har gida? Rubuta ‘sashen da abin ya shafa’.”

Yaro ya rubuta. Suka gangara gurbin tuni: idan takarda ta kwana uku a tebur ba a taɓa ta ba, na'ura ta tunatar da jami'i, ta kuma ci gaba da tunatar da shi kowace safiya har ya motsa. Darakta ya ce wannan rashin kunya ne, ɗan cikinsa ma ba ya yi masa tuni kullum balle ƙarfe. Aka mayar da shi kwana talatin. Aka kuma karkatar da tunin zuwa akwatin imel na ofis, wanda lambar buɗe shi tana hannun wani akawu da aka yi wa canjin wurin aiki tun bara.

Sai babban gurbi, wanda masu ƙera irin waɗannan manhajoji suka fi tinƙaho da shi: idan wa'adi ya cika ba a sa hannu ba, saƙo ya haura sama da kansa.

“Sama wurin wa?”

“Wurin babban sakatare, yallaɓai. Zai ga takardar da ta maƙale, da teburin da ta maƙale, da kwanakin da ta yi a wurin.”

“Haba ɗana. Babban sakatare mutum ne mai hidima da yawa. Ba ka tausayinsa? Kashe wannan.”

A zamanin da kowa ke ta kansa, a sami ma'aikacin da ke tausayin ubangidansa har haka, ai abin a sa shi a addu'a ne. Gurbin wakilci ma bai tsira ba, wato idan mai sa hannu ya tafi aikin Hajji ko bita a Kaduna, takardu su zarce wurin mataimakinsa. Darakta ya tambayi yaron ko ya taɓa ganin inda aka ba da aron hatimi. Yaro ya ce bai taɓa ba. Kafin a kira Azahar an gama saiti, an samu masinja mai tarbiyya: yana magana da na ƙasa dare da rana, amma in ya ga na sama sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Gwanintar da ta fi burge ni kuwa ba a ranar saiti ake ganinta ba, sai aiki ya yi nisa. A allon kwamfutar ofis, takardar da ke cikin wa'adinta kore take nunawa, wadda ta wuce wa'adi ta koma ja. Ba shugaban da ke son ganin ja a rahoton ƙarshen wata. To akwai wani maɓalli mai albarka, na mayar wa mai takarda abinsa don ya gyara. Ana danna shi lissafin kwanaki ya goge, ya koma farko. Saura kwana ɗaya takarda ta yi ja, sai a danna. Nan take masinja ya sheƙo wurinka da gudu: hotonka bai fito sosai ba, sake turowa. Ka je shagon kwamfuta ka sake hoto, ka biya, ka tura. Bayan mako huɗu ya dawo: sa hannunka ya ɗan fita daga layi. A haka takarda za ta yi wata takwas a ofis ba ta taɓa makara ko da yini ɗaya ba, kuma na'ura ce shaida, ita ba ta ƙarya. In ma an tashi binciken wanda ya jawo jinkiri, rajista za ta nuna ƙarara cewa takardar ta fi daɗewa a hannunka.

A ƙarshen kowane saƙo kuma akwai wata nasiha: kada ka amsa wannan saƙo, ba mai karantawa. Wasu na jin haushin wannan layi. Ni kuwa ina ganin kare mutuncin mai takarda aka yi. Mutumin da aka yi wa wata takwas ana cewa ana kan dubawa, in aka ba shi damar mayar da amsa, me kuke jin zai rubuta? An raba shi da ɗaukar zunubi.

Sai dai in gargaɗi jama'a, akwai wata doka da ke neman ɓata wannan zaman lafiya. Ranar 18 ga Mayun 2017, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ke jinya a Landan, muƙaddashinsa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba ɗaya. Umarnin ya ce kowace ma'aikatar tarayya ta wallafa sharuɗɗan abin da ake nema a wurinta, da kuɗinsa, da kwanakin da zai ɗauka. Ya ce in za a ƙi buƙatar mutum, a faɗa masa dalili. Abin da ya fi tayar da hankali, ya ce in wa'adi ya cika hukuma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, to a ɗauka ta amince. A Fabrairun 2023 Buhari, ɗan Daura da kansa, ya sa hannu a kan dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci da ta ɗauko wannan tanadi ta mai da shi doka. Ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Saita na'ura ta bi tanadin amincewar nan ba ya ɗaukar lokacin shan shayi: gurbi ɗaya ne, a rubuta adadin kwanaki, a ce in sun cika ta aika wa mutum da amincewarsa. Ku yi tunanin masifar! Ɗan kasuwa a Mai'adua ya wayi gari da izini a waya, bai ga kowa ba, bai gaishe da kowa ba. Sa hannun Oga ya zama ado. Alhamdu lillahi, masu saitin da na gani sun san abin da suke yi, linzamin kwamfuta ko kusa da gurbin nan bai bi ba.

Mu 'yan ƙasar Daura mun san jiran izini tun kafin a haifi ofis. Macijin rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Amma dubi sakacinsa: ya bari kowa ya san ranar, ya bari kowa ya san rijiyar, kuma ya bar kansa a inda takobi zai same shi. Shi ya sa baƙo guda, Bayajidda, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ya tafi da guga cikin dare ya gama da shi. Da a ce macijin nan ya sami masu saiti irin namu, da Bayajidda na isa bakin rijiya zai tarar da saƙo cewa an karɓi buƙatarsa ta ruwa, an miƙa ta ga sashen da abin ya shafa. Ya zare takobi ya sari wa?

Kada kuma a manta da aikin yi da masinjan ya samar. Da Turanci yake magana, Turancin ma irin na ofis. Ranar Lahadi, kasuwar Mai'adua ta cika ta batse, shanu da raguna da raƙuma sun shigo daga Nijar, dillalai na ta ciniki a kara, ka leƙa rumfar mai cajin waya. Janareta na kuka, wayoyi sun fi ɗari a jere a kan katako, kowace da lambarta a ɗan kwali. Ga dattijo nan da alƙalami a aljihun gaba, mutumin da ke rubuta lissafin dabbobinsa da ajami ba ya kuskuren ko sisi, ya miƙa wa yaron da bai kai jikansa ba waya.

“Ɗan nan, duba mini, sun sake turowa.”

“Baba, sun ce ana kan aiki.”

“Ai haka suka ce wancan Lahadin.”

“A'a Baba, wancan cewa suka yi an karɓa. Wannan kuwa ana kan aiki. An samu ci gaba.”

Dattijo ya ce to madalla, ya biya kuɗin caji, ya ƙara wa yaro na karatu. A saitin manhaja akwai wurin rubuta saƙo da kowane harshe, kuma Hausa ba ta fi ƙarfin kwamfuta ba, bankuna da kamfanonin waya ma suna tura talla da ita idan kuɗinmu suke nema. Amma da an rubuta da Hausa, yaron nan me zai ci? Da mai shagon kwamfuta, da ejan mai cewa ya san wani a ciki, duk a inuwar masinjan nan suke. Na goron da aka ce an kashe bai mutu ba, hannu ya sauya, ya kuma yi 'ya'ya: kuɗin data, kuɗin caji, kuɗin hoto, kuɗin bugawa a takarda don a je da ita ofishin da ya daina aiki da takarda.

'Yan damfara ma sun amfana, kuma ai su ma 'yan ƙasa ne. Tun da an saba wa mutane da saƙon da ba shi da sunan mai aikowa, ba shi da lambar da za a kira, ba a kuma amsa masa, to me ya raba shi da wanda ke cewa an rufe asusunka, turo lambar BVN yanzu? Bambancin da na lura da shi guda ne. Na ɗan damfara in ka kira ana ɗauka, har a ce maka ranka ya daɗe.

Masu ƙorafi suna cewa saƙon ba ya isowa a kan lokaci: sabis ya ɗauke, ko waya ta mutu ba wuta, ko ka matsa kusa da iyaka layin Nijar ya rinjayi naka. A Oktoban 2024, da manyan layukan lantarki suka lalace, Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, wanda aka ba wa'adin kwana uku ya gyara takardarsa a lokacin sai dai ya ga saƙon bayan wa'adi ya wuce. Wannan ba laifin masinja ba ne. Rajista ta nuna an aika, kuma a ofis an aika daidai yake da an ji. Suna kuma cewa manyan abubuwan da suka taɓa rayuwar garin nan ba su zo da sanarwa ba, kamar rufe iyaka a Agustan 2019 da ya ritsa da motoci cike da kaya, da na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, wanda sai a Maris na 2024 aka ɗage. To ai masinja ne, ba boka ba. An ɗauke shi ya faɗa maka abin da ba zai canja maka komai ba, kuma a nan ba wanda ya kai shi ƙwazo.

Akwai wani labari da nake roƙon a daina yaɗawa, don yana rage wa masinjanmu kwarjini. A Satumbar 2023 ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tarar da fasfo sama da 200,000 sun taru ba a buga ba. Ya ba hukumar shige da fice wa'adi, ya ce yana kallo. Cikin kusan mako uku aka share su, tun kafin a ƙaddamar da sabon tsarin intanet na Janairun 2024. Masu neman fitina za su ce ashe abin da ke tayar da fayil daga barci shi ne na sama ya san teburin da ya kwanta, wato gurbin nan da darakta ya kashe don tausayi. Ni ban faɗa ba. Irin wannan gaggawa ma ba ta dace da mu ba, jami'i na iya yin tuntuɓe.

Shi kansa jami'in ba a bar shi cikin kaɗaici ba. A wasu ofisoshin an bi ta ɗaya hanyar, wadda ita ma tana kai wa gida lafiya: a sanar da kowa komai. Takarda ɗaya ta shigo, mutum goma sha biyu su sami saƙo, daga darakta har mai kula da sito. Kafin Azahar wayar kowa ta tara saƙo ɗari. Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya gani, kowa ya rufe wa manhajar baki don ya samu ya saurari saƙon murya na iyalinsa. Ranar da aka zo tambaya, mutum goma sha biyu aka sanar, saboda haka ba mai laifi ko ɗaya.

Gyara guda nake roƙo, shi ma don aikin ya ƙara kyau. Tsofaffin da ke bin kuɗin sallama da fansho ba duka ke kaiwa ƙarshen dubawa ba. Mutum ya rasu, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, layinsa ya daina aiki, kamfanin waya ya sayar wa wani, saƙon ya riƙa zuwa wa wani mai sayar da rake a Zango da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan asara ce, ladabi irin wannan bai kamata ya faɗa hannun bare ba. A ƙara gurbi ɗaya a fom, na lambar magaji, domin in uba ya kwanta dama babban ɗansa ya ci gaba da samun labarin cewa ana kan dubawa. Na kai wa wani darakta wannan shawara, ya ce tana da ma'ana ƙwarai, in rubuto ta ta manhaja. Na rubuta. An karɓa, an kuma miƙa ta ga sashen da abin ya shafa.